Amsoshin Wasiƙunku: Kwashe Kaya Daga Ƙaramin Rumbun Kwamfuta Zuwa Babba

Wasiƙu biyu za mu ɗauka a yau, kuma kusan ciwonsu ɗaya ne, watau wurin ajiya ya cika, an sayo babba, ana neman yadda za a kwashe kaya ba tare da an yi asara ba.

Ta farko daga nan cikin birnin Katsina ta fito, daga wani saurayi mai shagon caji da turin fina-finai a wajen Ƙofar Ƙaura. Ya ce kwamfutarsa ta tebur ce, rumbunta mai giga 500 ya cika maƙil da fina-finan Hausa da na Indiya, da karatuttuka, da wasannin ƙwallo waɗanda yara ke biya su buga da yamma. Ya sayo sabon rumbu mai tera 1, ya kwafe komai ya zuba a ciki. Fina-finai suna buɗewa lafiya lau, amma wasu wasannin sun ƙi tashi. Yana tambaya ko cutarsa aka yi, domin da ya duba ma sai ya ga giga 931 maimakon 1,000. Kuma wai yana son ya sayar da tsohon a wannan mako ya rage bashi.

To Malam, kafin komai, kada ka sayar da tsohon nan tukuna. Ka riƙe shi ko da mai bashi yana bakin ƙofa, za ka ji dalili.

Batun giga 931 kuwa, ba wanda ya cuce ka. Masu ƙera rumbun suna ƙirga da dubu-dubu ne, shi kuma Windows yana ƙirga da 1,024. Kamar dai ka auno gero da mudun wata kasuwa ka zo ka sake aunawa da na wata, hatsin bai ragu ba, ma'aunin ne ya bambanta. Shi ya sa tsohon naka ma mai 500, in ka lura, 465 yake nunawa.

Saboda manoma da 'yan kasuwa da ke sauraronmu, wannan abu da muke kira rumbu shi ne masu gyara ke ce wa had-dis. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne a cikin kwamfuta, da faifai a ciki mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, a nan ake ajiye duk abin da ke cikin na'urar. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da shi a 1956. Na farkon ya yi girman firji biyu, da faifai 50 a cikinsa, amma abin da yake ɗauka bai wuce mega 5 ba, watau kimanin waƙa ɗaya ta zamanin yanzu. Akwai kuma sabon samfuri da ake kira SSD, wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa. Ya fi sauri, ya fi jure jijjiga, sai dai ya fi tsada.

Yanzu me ya sa fim ya buɗe, wasa ya ƙi? Shi fim ko waƙa ko hoto, kamar buhun masara yake. Duk inda ka ɗauke shi ka ajiye, masara ce. Shi kuwa wasan da aka girka a kwamfuta, kamar injin niƙa yake wanda aka kafa, aka ɗaure shi da ƙasa, aka ja masa bel. Lokacin da ake girka shi ba wuri ɗaya yake zama ba. Babban jikinsa yana cikin folda ɗaya, amma yakan bar wasu ƙananan fayiloli a cikin Windows, sa'an nan ya rubuta adireshinsa a wani kundi da ake kira rajista, cewa ga inda nake, a rumbun C, folda kaza. In ka ɗauke foldar kaɗai ka kai wani wuri, kwamfuta za ta je tsohon adireshi ta tarar ba kowa. Wasu tsofaffin wasanni ba su damu da wannan ba, ko'ina aka ajiye su tashi suke, shi ya sa ka ga wasu naka sun yi aiki wasu sun ƙi.

Akwai ma kuskuren da ya fi wannan yawa a shagunan turi. Mutum ya ga ɗan hoton wasa a fuskar kwamfuta, mai 'yar kibiya a gefe, ya kwafe shi ya ce ya kwafi wasa. Wannan alama ce kawai mai nuna hanya, nauyinta bai kai na hoto ɗaya ba. In ka ga wasan da ya kamata ya ɗauki awa guda ya shige cikin ƙiftawar ido, to allon shago ka ɗauko ka bar shagon. Alal misali wasan GTA V, da ya fito a kwamfuta a 2015, giga 65 yake nema tun daga farko.

Hanya biyu ce a gabanka. Tun da kwamfutarka ta tebur ce, akwai wurin ɗaura rumbu biyu a cikinta, kuma a ganina wannan ita ce ta fi maka sauƙi da kwanciyar hankali. Ka bar tsohon yana riƙe da Windows da wasannin, ka ɗaura sabon a gefensa, zai fito da harafin D ko wani makamancinsa. Fina-finai da waƙoƙi, waɗanda su ne suka cinye wurin, su koma sabon. Da ka tabbatar sun isa lafiya sai ka share su daga tsohon, wasanni su samu sarari su sha iska. Ka ga ke nan ba ka taɓa su ba ma sam.

In kuwa lallai sai wasannin sun koma, to ka duba ta inda ka same su. Waɗanda aka saya ta manhajar Steam, ita kanta tana da wurin da za ka nuna mata sabon rumbu ka ce ta mai da wasa kaza can, ta kwashe ta gyara adireshi, ba sai ka sake kashe kuɗin data ba. Sauran kuwa sai an cire su an sake girkawa, in ya tambaye ka wurin zama ka nuna masa D. Amma fa kafin ka cire, ka nemi inda wasan ke ajiye tarihin 'yan wasa, watau kofunan da aka ci da matakin da aka kai. Galibi ba a cikin foldar wasan yake ba, yana cikin foldar Documents ko wata ɓoyayya mai suna AppData. Ka kwafe shi gefe guda. Yaron da ya yi wata uku yana gina ƙungiyarsa a shagonka, ranar da ya zo ya tarar an koma farko, shagon maƙwabcinka zai koma, har da abokansa.

Hanya ta biyu ita ce ta wanda ke son ya rabu da tsohon gaba ɗaya, ko mai kwamfutar cinya wadda yawanci rumbu ɗaya take ɗauka. Ita ce masu gyara ke kira kulonin, watau a yi wa tsohon rumbu tagwai. Manhaja ce za ta kwafe shi ɗungurungum, da Windows, da rajista, da wasanni, da abin da ido ke gani da wanda ba ya gani, ta shimfiɗa a sabon yadda yake. Akwai ta kyauta mai suna Clonezilla, kuma kamfanonin Seagate da Western Digital da Samsung kowanne yana ba masu sayen kayansa tasa. In an gama sai a cire tsohon a ɗaura sabon a gurbinsa, kwamfuta ta tashi kamar ba abin da ya faru, wasanni duka su buɗe, domin adireshinsu bai sauya ba.

A nan ne fa ake yin kuka, saboda haka ku kasa kunne. Manhajar za ta tambaya, wanne za a kwafa, kuma a kan wanne za a zuba? Wanda aka zuba a kansa, duk abin da ke ciki ya tafi. In aka juya su, aka ɗauki sabon aka shimfiɗa a kan tsohon, to aikin shekaru ya tafi cikin 'yan mintoci, kuma da wuya a dawo da shi. Ka dubi girmansu da kyau, 465 shi ne mai bayarwa, 931 shi ne mai karɓa. Ka karanta sau biyu, ka kira wani ya karanta maka na uku. Kai kuma Malam, tun da ka riga ka zuba kaya a sabon, ka sani za su shafe. Ba laifi in dai kwafa ka yi, asalinsu na nan a tsohon. In kuwa yanke su ka yi ka mayar can, sai ka fara dawo da su tukuna.

Sai maganar wuta. Ta tsohuwar kafar USB, giga 500 yakan ci wajen awa biyar, ta sabuwar kafa mai shuɗin baki kuwa bai kai haka ba. Kada ka fara da wutar gari kaɗai. Ka cika janareto da mai, ko ka haɗa da batirin sola wanda ka amince da shi. Kuma kada a motsa tebur ko a ɗaga rumbun yana cikin juyawa. Ka zaɓi safiya ko dare, ba tsakar ranar watan Afrilu ba, lokacin da ko mutum ma neman inuwa yake a Katsina. Bayan an gama, wani lokaci za ka ga sabon yana nuna 465 kamar tsohon. Kada hankalinka ya tashi, ragowar filin yana nan ba a shata shi ba ne, akwai wuri a cikin Windows da ake faɗaɗa shi, kowane mai gyara ya san shi.

Da yake yawancin rumbunan da ke yawo a kasuwanninmu na hannu ne, ka sa a gwada maka naka da manhajar CrystalDiskInfo. Za ta faɗa maka awa nawa ya yi yana aiki a duniya da kuma lafiyarsa. In ta nuna ruwan ɗorawa ko ja, ko ka ji yana ƙas-ƙas, mayar wa mai shi. Shi ya sa na ce ka riƙe tsohon. Ka ba sabon kamar mako biyu ko uku yana aiki, ka buɗe kowane wasa, ka gwada fina-finai nan da can. In za ka sayar daga baya, ka yi masa doguwar shara, domin gajerar sunayen kawai take gogewa, mai wayo yana iya tono hotunan iyalinka da na masu kawo maka turi.

Wasiƙa ta biyu daga wani Alhaji ce, mai sayar da hatsi daga wajen Kaita, wanda ke kawo kaya Babbar Kasuwar Katsina. Ya ce shi ba ruwansa da kwamfuta, memorin wayarsa ne mai giga 8 ya cika. A ciki akwai hotunan littafin bashinsa shafi-shafi, da na takardun gona, da muryoyin abokan ciniki. Ɗansa ya sayo masa mai giga 64, yana tambaya yaya za a yi.

Ranka ya daɗe, naka ya fi sauƙi, domin duk buhuna ne, babu injin niƙa. Sai dai ka fara duba kwalin wayar ko takardarta. Ƙananan wayoyi masu maɓalli da yawa ba sa karɓar abin da ya wuce giga 32, wasu ma ba su kai nan ba, domin in ya haura 32 tsarin katin daban ne. In taka irin wannan ce, a canjo maka mai 32, ya ishe ka shekaru.

Sa'an nan akwai na jabu, kuma sun yi yawa. Za a rubuta 64 a jiki, waya ma ta nuna 64, alhali cikinsa 4 ne ko 8. Zai yi ta karɓar kaya ba musu, sai ranar da ka nemi hoton bashin wane ka tarar ya ƙi buɗewa. Arha fiye da kima ita ce alamar farko. Mai kwamfuta yana iya gwada shi da wata 'yar manhaja mai suna H2testw, wadda ke cika katin taf ta sake karantawa, ta faɗi gaskiyar abin da yake ɗauka. A yi wannan gwaji tun yana fanko.

In ka je wurin mai turi, ka ce masa kwafa zai yi, kada ya yanke. Wanda ya yanke, in wuta ta ɗauke a tsakiya, rabi na nan rabi na can, wani ma ya salwanta. Ka tsaya a kansa har ya gama, ka ga adadin fayilolin ya zo daidai a katunan biyu, kuma ka tabbatar bai bar kwafi a kwamfutarsa ba, tun da sirrin kasuwancinka ne da na mutanen da ke binka ko kake bi. In ka ga foldodinka duk sun koma masu 'yar kibiya, to kwamfutarsa na da ƙwayar cuta, kayanka na nan ɓoye ta yi, kada ka yarda a ce sai an share katin.

In babbar waya ce mai Android, da ka sa sabon kati tana iya tambayarka ko a mai da shi ɓangaren cikin waya ko a bar shi na cirewa. Ka zaɓi na cirewa. Ɗayan yana ɗaure katin da wannan waya kaɗai, ranar da ta faɗa rijiya ko ta mutu, ba wata na'urar da za ta karanta shi. Kazalika muryoyin da aka aiko maka ta WhatsApp, yawanci a cikin wayar kanta suke zama, ba su shiga memori sai an mai da su. Ka sa yaron ya nemo masu muhimmanci ya kwafe su zuwa katin.

Tsohon mai giga 8 kuwa kada ka ba yara su zuba waƙa. Ka naɗe shi a takarda, ka rubuta kwanan wata, ka sa cikin akwatin da takardun gonar suke. Littafin bashin na takarda shi ma a ci gaba da rubuta shi.

Wanda ya aiko daga Batagarawa yana tambaya a kan batirin sola da ke saurin mutuwa, wasiƙarka ta iso, da ita za mu fara a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.