Bikin Kirsimeti a Gida da Teburin Caca Don Taimako



Matasanmu sun tambaye mu game da wani biki da wasu ke yi a Amurka da Ingila. Kowace Kirsimeti maigida yakan gayyaci abokai, ya mai da falonsa tamkar gidan caca. Baƙi su biya kuɗi, a ba su kuɗin wasa, su buga karta, abin da aka tara a kai wa mabukata. A Ingila dokar caca ta 2005 ta yarda da haka, muddin ribar ba aljihun wani za ta shiga ba.

Niyyar tana da kyau, ba mu musa ba. Amma yaron da ya koyi karta a falon dattijon ikilisiya, wa zai hana shi ita a tasha? Kuma mu 'yan kaɗan ne a garuruwanmu. Maƙwabta ba za su ce taimako ba, za su ce caca a gidan Kirista.

Mu yi bikin, mu dafa shinkafa, mu kira maƙwabta. Taimakon marayu da gwauraye kuwa, baiko da gwanjon ranar godiya sun ishe mu. Mu karanta 2 Korantiyawa 9:7 a gidajenmu.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.