Ruwa Garau Ba Shi Ne Ruwa Lafiyayye Ba: Laccar da Aka Gabatar a Kuyello



Saɓanina da hukumomin ruwa tsoho ne. Idan an zo buɗe rijiyar burtsatse, sai babban baƙo ya murɗa famfo, a tara kofi, a ɗaga shi sama, a ce "ku duba, garau!", a yi tafi a watse. Ba mai tambayar takardar gwajin sinadarai. In ma an gwada, ƙwayoyin kwalara da zawo ake nema, a zuba kulorin a tafi.

To dalma ba ta canza wa ruwa launi ko wari. Alam aikinsa kwantar da laka ne. Tafasawa tana kashe ƙwayar cuta, amma dalma da naitiret ƙara kauri suke yi idan ruwa ya ƙone a tukunya.

Duk mai shakka ya je Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi. A 1985 aka fara ba garin ruwa daga rijiya mai zurfi, jama'a suka yi murna sun huta da ruwan gulbi. Ruwa fes, daga famfon hukuma. Ashe sinadarin fuloraid da ke cikinsa ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato miligiram 1.5 a lita, sau uku ko fiye. Daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ya narke, ba wanda ya zuba shi. Shekara fiye da goma yara na sha. Haƙora suka rine kamar na tsoho mai cin goro, ƙafafu suka gwame, waɗansu yaran suka daina girma. Dubbai abin ya shafa, kuma ƙashin da ya lanƙwashe tun yarinta ba ya miƙewa don an rufe famfo. Gwajin da ba ya cin wuni guda ya isa ya tona wannan tun shekarar farko. Tibiri ƙasar Hausa ce, masu shan ruwan 'yan'uwanmu ne, kuma hukuma ce ta ce musu su sha.

Mu a nan kuma ga zinariya. Kun san abin da ya faru a Bagega da Dareta da Yargalma a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. A 2015 ta ɓulla a Shikira cikin Ƙaramar Hukumar Rafi, maƙwabciyarmu, yara 28 suka rasu. Ƙurar niƙan dutsen zinariya a cikin gida ce babbar hanyar gubar, amma inda ake wankin yashi da zaiba, kududdufi da rijiyar gefensa ba su tsira ba. Ku ƙara da takin zamani da muke zuba wa masara, da masai da ake haƙawa taku kaɗan daga rijiya: daga nan naitiret ke shiga, jarirai yake fara kamawa.

Za a ce babu kuɗi, kuma tsaro ne kan gaba. Kuɗin gwaji ɗan ƙanƙani ne a kan kuɗin haƙa. Motar da ta iya kawo injin haƙa Kuyello za ta iya komawa da kwalba.

Doka ma tana nan. Ma'aunin ruwan sha na Nijeriya, NIS 554 na 2007 da aka sabunta a 2015, ya ƙayyade dalma miligiram 0.01 a lita, naitiret 50. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana Mando, Jami'ar Ahmadu Bello tana Zariya, duka da ɗakunan gwaji.

Don haka kada a biya ɗan kwangila sai ya kawo sakamakon dalma, zaiba, fuloraid da naitiret. A liƙa sakamakon da Hausa a jikin tankin. A maimaita gwaji da rani da damina, a famfo da kuma randar gida, domin jarkar da aka ɗebo ruwa da ita wataƙila ta maganin feshi ce a da. Rijiyar da ta faɗi gwaji a shafa mata jan fenti, a bar ta ga wanki. A haramta niƙa da wankin dutse a cikin gari.

Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe, wannan na ƙarshen yana hannunku da masu unguwanni, ba sai an jira Kaduna ba.