Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

(Jawabin da wani ɗan ƙungiyarmu ya yi wa ɗaliban ajin farko na babbar sakandare, ranar taron tsofaffin ɗalibai na makarantarsu)



Ina godiya ƙwarai da aka ba ni damar tsayawa a gabanku, cikin wannan zaure da ni ma na zauna a cikinsa shekarun baya kaɗan. An ce in yi magana a kan shirin shiga jami'a. Na san wasunku za su ce, mu da muka shigo babbar sakandare bana, ina ruwanmu da jami'a? To, lalle ku na zo nema, ba 'yan ajin ƙarshe ba, domin Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari in fara da labarin kaina. Tun ina ƙarami burina shi ne in karanta aikin lauya. Amma sa'ad da aka ce mu zaɓi darussa a ajin da kuke ciki yanzu, sai na bi abokaina na bar Adabin Turanci, wai littattafansa sun yi yawa. Sai da na zo neman jami'a aka gaya mini ba a ɗaukar ɗalibin shari'a ba tare da shi ba. Shekara guda na yi a gida ina karanta shi ni kaɗai, sa'an nan na sake zama jarrabawa. Laifin kuwa nawa ne, domin ban tambayi kowa ba, alhali matambayi ba ya ɓata.

Saboda haka abu na farko shi ne ku san ƙofofin da za ku bi. Ƙofa ta farko ita ce jarrabawar ƙarshen sakandare, watau ta WAEC, wadda aka kafa a 1952, ko ta NECO, wadda aka kafa a 1999. Jami'a tana neman kiredit biyar, daga A1 zuwa C6, har da Turanci, da kuma Lissafi ga mafi yawan fannoni, cikin zama ɗaya ko biyu. Ƙofa ta biyu ita ce jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. Darussa huɗu ake yi, Turanci dole, sauran uku kuwa fannin da kake nema ne zai zaɓa maka. Mai son likitanci zai yi Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniyanci zai yi Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Kun ga ke nan zaɓin da kuke yi bana, shi zai buɗe muku ƙofa ko ya rufe ta nan da shekara uku.

Abu na biyu shi ne karatu kaɗan-kaɗan, amma kullum. Ku yi lissafi tare da ni. Wanda ya ware awa ɗaya kowace rana har shekara uku, ya tara fiye da awa 1,000. Wanda kuwa ya bari sai saura wata uku, ko da awa takwas yake yi kullum, awa 720 kawai zai samu, ga ciwon kai, ga faɗuwar gaba. Na farko ya yi barcinsa, ya buga ƙwallonsa, ya je aiken mahaifiyarsa. Na biyu kuwa shi ne za ka gani yana cin goro da tsakar dare, ya tsoma ƙafafu cikin ruwan sanyi don kada barci ya ɗauke shi, gari ya waye abin da ya karanta ya bi iska. Ƙwaƙwalwa a cikin barci take adana abin da aka koya da rana. Wanda ya hana ta barci, ya zuba ruwa a kwando.

Abu na uku, tun daga 2015 da kwamfuta ake yin jarrabawar JAMB duka. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, watau daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Na ga masu ƙoƙari da hannunsu ya yi ta rawa domin ran nan suka fara taɓa kwamfuta. Ku riƙa shiga ɗakin kwamfuta tun yanzu, ko da sau ɗaya a mako. Haka kuma tun 2021 ba a yin rajista sai da lambar NIN. Ku duba sunayenku da ranar haihuwarku su zama iri ɗaya a kowace takarda, domin harafi ɗaya yana iya jawo wa mutum zirga-zirgar watanni.

A ƙarshe, ƙannena, kada tsoro ya cika muku ciki. Jarrabawa ɗaya ba ita ce iyakar rayuwa ba. Wanda bai samu shiga ta JAMB kai tsaye ba, akwai IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai difloma, akwai NCE, kuma duk suna iya kai mutum aji biyu na jami'a. Ni da na rasa shekara guda, ga ni yau ina aji uku a fannin shari'a. Amma ba na so ku biya kuɗin da na biya.

Ga aikin da na bar muku. Kafin ƙarshen wannan mako, kowa ya rubuta fanni biyu da yake sha'awa, ya kai wa malaminsa ya tambaye shi darussan da suke bukata, sa'an nan ya zauna da iyayensa su yi shawara. Wanda ya yi wannan, ya fara fafe goransa.