FASFO DA BIZA: JAWABI GA MATAFIYA A MAIDUGURI



Yerwa tsohon zango ne na matafiya. Ta nan kakanninmu suka riƙa bi zuwa gabas, su ratsa Dikwa da Gamboru, su haye kogi zuwa Njamena, su bi ta Abeshe da Darfur har bakin Bahar Maliya. Waɗansu sukan yi shekaru a hanya, ba su da guzuri sai sana'ar hannunsu. Wannan zamani ya wuce. Yau kowace ƙasa ta sa ƙofa a kan iyakarta, ba ta buɗe wa baƙo sai ya nuna takardu.

Ta farko ita ce fasfo, wanda Hukumar Shige da Fice ta Nijeriya ke bayarwa. Ƙasashe da yawa ba sa karɓarsa sai in da sauran wata 6 kafin ya ƙare. Ta biyu katin allurar rigakafi, musamman ta zazzaɓin shawara, mai zuwa Makka kuwa har da ta sanƙarau. Ta uku biza, watau izinin shiga, wanda ƙasar da za a je ita kaɗai ke da ikon bayarwa. Bisa yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, ɗan Nijeriya na iya zama kwana 90 a Gana ko Togo ba tare da biza ba. Amma maƙwabtanmu Cadi da Kamaru ba sa cikin wannan ƙungiya, ƙa'idodinsu daban ne.

To, ga abin da ya tara mu. Biza iri-iri ce, kowace da aikinta. Ta yawon buɗe ido ba ta aiki ba ce, ta Umara kuma ba ta Hajji ba ce. Akwai dillalai masu cewa, "Alhaji, shiga kawai da ta ziyara, ka laɓe har ranar Arfa." Jama'a, ku guje su. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun bayyana cewa mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin 100 ba su da izinin Hajji. Sun yi doguwar tafiya da ƙafa cikin tsananin rana, ba rumfa, ba mota. Wanda ya tsira da ransa kuwa yana iya gamuwa da kamu, da tara, da kora, a kuma hana shi komawa shekaru. Bizar Hajji ta hannun Hukumar Alhazai ta Ƙasa take fitowa, ta hanyar hukumomin alhazai na jihohi ko kamfanonin da aka ba lasin.

Saboda haka, kafin ka sayar da saniya ko gona, je ofis da ƙafarka ka tambaya. Bayan an buga maka biza, sa a karanta maka irinta da ranar ƙarewarta, ka kuma komo gida kafin ranar ta cika. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya. Wassalam.