Ƙaramin Manzo Tsakanin Ganye da Saiwar Wake



Tun kaka da kakanni manomanmu sun san cewa gonar da aka noma wake ko gyaɗa a cikinta takan yi wa dawa da gero daɗi a shekara mai zuwa. Dalili kuwa yana jikin saiwa. In aka tuge wake aka duba, za a ga waɗansu 'yan ƙuraje a manne da saiwarsa, waɗanda in an fasa mai aiki a cikinsu sai a tarar cikinsa ja-ja. A nan ne ƙwayoyin bakteriya da ake kira Raizobiyam suke zaune, suna ɗebo sinadarin naitirojin daga iska, wanda shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, suna mayar da shi taki. Shi kuma wake yana biyansu da sukarin da ganyensa ya haɗa.

To, tun da ciniki ne, dole a yi lissafi. An ga tsiron da ya kasa tsayar da yawan ƙurajensa yakan tsumbure, domin baƙi sun cinye abincin gida. Idan dambu ya yi yawa, ba ya jin mai. Tambayarmu a yau ita ce, yaya ganye yake gaya wa saiwa ta ƙara ko ta dakata?

Kowane tantanin tsiro yana ɗauke da kundin gado, wato DNA. In za a aiwatar da wani umarni daga kundin, sai a kwafe shi a doguwar wasiƙa mai suna RNA, a aika wurin da ake ƙera furotin. A shekarar 1993 Victor Ambros da Gary Ruvkun na Amurka, suna bincike a kan wata 'yar tsutsa, suka gano wata irin RNA gajeruwa, mai haruffa ashirin da 'yan kai kawai. Ba ta ƙera komai. Aikinta shi ne ta tare doguwar wasiƙa ta hana a karanta ta. A 2002 aka tabbatar tsirrai ma suna da ita, a 2024 kuma aka ba mutanen biyu kyautar Nobel.

A 2018 masana suka nuna aikin ɗaya daga cikin waɗannan gajeru, mai lamba miR2111, a jikin wani tsiro ɗan'uwan wake da ake kira Lotus. A ganye ake yin ta, sai ta gangara zuwa saiwa, ta toshe umarnin da yake hana ƙuraje fitowa. Muddin tana sauka da yawa, ƙofa a buɗe take ga baƙi. Da zarar sun fara shiga, sai saiwa ta aika sama da labari, ganye ya rage aike, ƙofa ta rufu. Haka kuma in ƙasa ta ƙoshi da takin naitirojin, tsiron yakan rage ƙuraje, don ba ya sayen abin da yake samu kyauta.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai. Nijeriya da Nijar ne kan gaba a noman wake a duniya, ga ƙasa ta gaji, ga takin zamani ya gagari talaka. A 2019 aka kammala karanta kundin gadon wakenmu, amma galibin abin da aka sani game da waɗannan ƙananan manzanni daga Lotus da waken soya aka samo shi. Gano yadda suke aiki a waken da ake shukawa ƙarƙashin gero, a ƙasar jigawa mai ƙarancin ruwa, shi zai taimaka wajen zaɓen irin da ya fi ciyar da kansa da gonarsa. Muna da cibiyar binciken noma a Samaru, muna da reshen IITA a Kano. Saura ɗalibai masu haƙurin zama da madubin bincike, kuma daga cikinmu ya kamata su fito.