Talabijin da Ƙannenmu na Kura da Bunkure



Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya ratsa Kadawa da Kura da Bunkure, manomi ya daina zaman rani. Amma albarkar ta zo da nauyinta: yaro ya taso daga makaranta ya zarce gonar tumatir, sai magariba. Ɗan lokacin da ya rage masa a gaban talabijin, me muke bari ya kalla?

Shirye-shirye masu amfani suna nan. Akwai Sesame Square, wanda NTA ta fara nunawa a 2011, mai koyar da ƙirga da haruffa da tsabta. Akwai Akili and Me na Ubongo daga Tanzaniya, wanda aka juya da Hausa. A 2020 kuwa, da annobar korona ta rufe makarantu, Jihar Kano ta ba da darussa ta rediyo da talabijin.

Mu da aka biya wa karatu da kuɗin tumatir ɗin nan, akwai bashi a kanmu. In mun je hutu, mu zaɓa wa ƙannenmu shiri, mu zauna tare da su, mu tambaye su abin da suka koya.

Allah ya ba mu iko, amin.