Finlan, Maƙwabciyar Rasha

Yau mu leƙa Finlan, can ƙuryar arewacin Turai. Ƙasa ce ta dazuzzuka da dubban tafkuna. A ƙarshen arewacinta, in lokacin zafi ya zo, rana kan shafe sama da wata biyu ba ta faɗi ba. Mai azumi a can sai ya nemi fatawa!

Suwidin ta mulke ta ɗaruruwan shekaru, Rasha ta karɓe a 1809, sai 1917 ta samu 'yanci. Da Tarayyar Sobiyet ta far mata a 1939, Finlan ta yi tsayin daka, amma ta rasa babban yanki na Kareliya. Iyakarta da Rasha ta haura kilomita 1,300. Ni kam ban ga laifinta ba da ta shiga NATO a 2023.